Jinya a Gida: Ƙa'idojin Aiki ga Masu Kula da Tsofaffi da Marasa Lafiya a Tudun Kaya da Kewaye

A Tudun Kaya, da ma sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo, jinya aikin dangi ce tun asali. Tsoho in ya kwanta, 'ya'ya da surukai da jikoki ke karɓa-karɓa a kansa har ya miƙe ko ta Allah ta kasance. Yanzu gidaje da yawa ba su da waɗannan hannuwa. Samari suna Kano da Abuja da Legas wajen nema, waɗanda suka rage suna gona da damina, da rani kuma suna fadamun da ke shan ruwan madatsar Challawa, 'ya'ya mata suna ɗakunan mazajensu. Cututtukan da ke kwantar da manya kuwa, hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, ba na kwana uku ba ne. Asibiti kan sallami mutum ya dawo gida ya yi watanni ko shekaru a kwance.

Daga nan wata ƙaramar sana'a ta tsiro: malamin asibitin da ya yi ritaya yana zagayen gidaje, matar da ake biya ta wuni da tsohuwa, ma'aikatan lafiya biyu ko uku da suka haɗa kai suna karɓar jinya. Wannan jagora tasu ce, da kuma iyalan da ke biyansu.

A asibiti idanu suna da yawa: likita na zagaye, babbar nas na dubawa, ga maƙwabcin gado. A ɗakin tsohuwa a cikin gida kuwa, daga mai jinya sai Allah. Don haka ingancin aikin ya rataya a kan abu uku: mai jinya ya san iyakar hannunsa, ya rubuta duk abin da ya yi, ya kuma san ranar da gida ya gaza sai asibiti.

Kowa da iyakar hannunsa

Doka ta raba aikin lafiya. Nas da ungozoma suna aiki da lasisin majalisar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Malaman lafiya na al'umma, irin waɗanda makarantun koyon aikin lafiya na Kano da Bebeji ke yayewa, suna da tasu hukumar rajista tun 1992, da littafin umarni da ya fayyace abin da za su yi da abin da za su tura gaba. Mai kemis kuma lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne. Bai haɗa da allura ko ƙarin ruwa ba, komai daɗewarsa a gari.

Mai jinyar da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu yana da aiki mai yawa kuma mai daraja: wanka, ciyarwa, juya mara lafiya, kai shi bayan gida, ba shi ƙwayar da likita ya rubuta a kan lokaci, auna hawan jini da na'ura, da rubutawa. Abin da ba nasa ba: allura, ƙarin ruwa, sa robar fitsari ko ta hanci, yanke ruɓaɓɓen nama a gyambo, da ƙara ko rage magani. Ko iyali sun matsa, amsar ɗaya ce: “Ku yi haƙuri, wannan na malamin asibiti ne, bari in kira shi.”

Wanda zai tara ma'aikata ya riƙa karɓar kuɗi da sunan kula da lafiya, ya fara da zuwa hukumar PHIMA, wadda gwamnatin Kano ta kafa a 2017 don yi wa cibiyoyin lafiya masu zaman kansu rajista da sa musu ido, ya bayyana irin aikin da zai yi, ya ji sharuɗɗan da suka hau kansa. Ya kuma gabatar da kansa ga shugaban asibitin mazaɓa da dagaci. Dole a cikin tawagar a sami aƙalla mutum ɗaya mai lasisi da ke ɗaukar nauyin duk abin da ya shafi magani da rauni.

Ziyarar farko

Tun ran gini ran zane. Kafin a karɓi jinya, mai lasisin ya je gidan da kansa, ya ga mara lafiya, ya karanta katin asibiti da takardar sallama, ya sa a tattaro masa kowane magani da ke ɗakin, har da na ƙarƙashin matashi da na gargajiya.

Sannan ya bi hanyar da tsohon ke bi daga shimfiɗa zuwa bayan gida, ƙafa da ƙafa. Dokin ƙofa mai tsayi, tabarmar da bakinta ya naɗe, santsin bakin rariya, igiyar shanya da ta yi ƙasa, turken akuya a tsakar gida, duhun dare: waɗannan ke kayar da tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa faɗuwa a matsayi na biyu cikin haɗurran da ke kashe mutane a duniya, bayan haɗarin mota, kuma waɗanda suka haura shekara 60 suka fi mutuwa ta wannan hanya. Gyaran ba shi da tsada: a ɗauke tabarmar, a ajiye fitila mai caji inda hannu zai kai, a kafa sanda mai ƙarfi a bangon banɗaki, a huda kujerar roba a sa bokiti a ƙarƙashi ga wanda ba ya iya tsuguno. Idan tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarce ta juya waje, kada a miƙar da shi, kada a kira mai ɗori. A ɗauke shi a kwance zuwa asibiti a yi hoto, don karayar ƙugu sau da yawa sai an dangana da asibitin ƙashi na Dala.

Daga nan sai yarjejeniya a rubuce: awannin aiki, abin da za a yi da wanda ba za a yi ba, nawa ne kuɗin da ranar biya, wa zai sayi sabulu da safar hannu. Iyali su fitar da mutum ɗaya da za a riƙa jin magana daga bakinsa, don kada babban wa ya ce a yi, ƙanwa ta bugo daga Kaduna ta ce a bari. Mai unguwa ko limami ya yi shaida. In dai mara lafiya yana cikin hankalinsa, yardarsa ce gaba da ta kowa.

Littafin jinya

Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Yana zama a ɗakin mara lafiya, ba a jakar mai jinya ba. Da boko ko da ajami, duk wanda ya fi sauƙi, muddin na gaba zai iya karantawa. Shafin farko: sunan ciwon, jerin magunguna da lokutansu, maganin da jikinsa ba ya so, da lambobin wayar gaggawa. Sauran shafukan kowace rana da nata. Ga yadda rubutun safiya ɗaya zai kasance:

“Ƙarfe 6:30. Inna ta sha kunu rabin kofi, ta ƙware sau ɗaya. Jini 150/90. Ta sha ƙwayar hawan jini ɗaya. Fitsari kaɗan, ya yi ja. Na juya ta hagu. Fatar ƙugun dama ta yi duhu, akwai ɗumi. Na gaya wa Malam ta waya.”

Ba a rubuta “da sauƙi” kawai, domin wannan gaisuwa ce. Ana rubuta abin da ido ya gani da abin da na'ura ta nuna, nan take, ba sai dare ba. In an manta da magani, a rubuta an manta. Littafin nan shi ake miƙa wa mai karɓar aiki, shi ake tafiya da shi ranar ganin likita, shi kuma ke wanke mai jinya ranar da zargi ya taso.

Hannu da shara

Yawancin cutar da ke shiga jikin wanda ke kwance a hannun masu kula da shi take zuwa. A wanke hannu da sabulu da ruwan da ake zubowa daga buta, ba a tsoma a kwano ba, na tsawon daƙiƙa 40 zuwa 60, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce: da shigowa, kafin abinci ko magani, kafin taɓa rauni, bayan fitsari ko bayan gida, da kuma lokacin fita. Farce a yanke, zobe a cire. Safar hannu ta aiki ɗaya ce ga mutum ɗaya. Ba a wanke ta a shanya, kuma ba ta ɗauke wankin hannu.

Inda jini ko amai ko gudawa ya zuba, a goge da ruwan bilic irin su Hypo ko JIK. A duba jikin kwalbar: in ƙarfinsa 3.5 cikin ɗari ne, awo ɗaya na bilic, awo shida na ruwa. A haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani maganin wanki, kada kuma a zuba shi a kwalbar lemo inda yaro zai ɗauka.

Allurar da malamin asibiti ya yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi. A jefa ta kai tsaye a akwatin kwalin da asibiti ke bayarwa, in babu, a jarka mai kauri mai murfi. In ta kai kashi uku cikin huɗu a rufe a mayar asibiti. Kada allura ko audugar gyambo ta je juji: a nan yara ke wasa, kuma jujin nan ake kwashewa a kai gona taki, wani ya taka da ƙafa ba takalmi. Wanda allura ta soke ya wanke wurin da sabulu, ya tafi asibiti a ranar, domin maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ba ya amfani in an wuce awa 72. Kowane ma'aikaci ya yi allurar rigakafin ciwon hanta, guda uku.

Tarin da ya wuce sati biyu a kai a gwada. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kafin sakamako, a buɗe taga, mai jinya ya sa takunkumi. Ma'aikacin da ke mura ko gudawa ya zauna a gida, a tura wani.

Juyi

Gyambon kwanciya shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. Inda ya fito, an bar mutum a gefe ɗaya ya daɗe. Wanda ba ya iya motsa kansa ana juya shi duk bayan awa biyu. Lokutan salla suna taimaka wa tuni, amma biyar ba su isa ba. A ƙara da hantsi da walaha da tsakanin azahar da la'asar, a kuma raba dare tsakanin mutum biyu.

Ga yadda ake yi. A shimfiɗa zani mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, daga kafaɗa zuwa cinya. Mai jinya ya fara da magana: “Baba, sannu. Za mu juya ka dama, ka riƙe hannuna.” A naɗe masa hannuwa a ƙirji, a lanƙwasa gwiwar da za ta hau sama. Mutum biyu su kama zanin, ɗaya a kowane gefe, su durƙusa da gwiwa ba su sunkuya da baya ba, su ɗaga tare su mirgina shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: jan mutum a kan katifa na saɓule fata, jan shanyayyen hannu kuma na goce kafaɗa. A tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai tashi daga shimfiɗa. Kafin a rufe shi, a shafa zanin gadon a tabbatar babu ninki, babu ɓurɓushin abinci, babu danshi.

A kowane juyi a duba ƙashin gindi, ƙugu, diddige, idon sawu, kafaɗa, ƙeya da kunne. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko yake sheƙi, ko ya yi ɗumi ko tauri. In an gani, kada a sake kwantar da shi a kan wurin, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi, kada a shafa man zafi. In fata ta buɗe, ba a barbaɗa toka ko garin kafso. A rufe da tsabtataccen bandeji a kira mai lasisi. Man kaɗanya ko basilin na fatar da ba ta fashe ba ne. Leda kuma a ƙarƙashin zanin auduga take zama, ba a jikin mutum ba. Mai robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mararsa kullum, ba ta taɓa ƙasa ba.

Ci da sha

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sau da yawa haɗiya ma ta taɓu. A zaunar da shi sosai, kai ya ɗan sunkuya gaba, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. Ɗura haramun ce a wannan aiki: abin da aka ɗura wa mai kwance ko mai gyangyaɗi huhu yake tafiya, ya zama ciwon da ke kisa cikin kwanaki. Bayan ci ya zauna rabin awa, sannan a duba kumatu ko abinci ya maƙale, a goge baki da haƙora. Mai yawan ƙwarewa, ko wanda muryarsa ke gurgura bayan ya sha, a kai shi a duba.

Mai hawan jini a rage masa gishiri da ɗanɗanon girki da kanwa, a ɗebi miyarsa kafin a zuba wa ta gida. Mai ciwon suga ba a hana shi abinci. Ana rage malmalar tuwo, a ƙara wake da zogale da rama, a cire sukari a kunu da fura, a kiyaye lokacin ci. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar yara, don haka a riƙa miƙa ruwa ba sai sun nema ba, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa saboda zuciya ko ƙoda. In gudawa ta kama, a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Kafin watan azumi, mai suga ko ciwon ƙoda ya ga likita, a kuma nemi malamin da yake jin maganarsa ya tuna masa rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya.

Magani

Kafin kowace ƙwaya ta shiga baki, tambaya biyar: mutumin ne, maganin ne, adadin ne, lokacin ne, ta hanyar da aka ce ne? Magani ya zauna a kwalinsa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Maganin da ke ɗauke da wurin kankarewa a kankare a tura lambar a ji ko na gaske ne. A saya a kantin da ke da rajista, ba a hannun mai talla a faranti ko mai lasifika ranar kasuwa ba, inda rana ta gama dafa shi.

Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Sauƙin daga maganin ne. Haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda yakan ƙunshi diclofenac ko ibuprofen, masu cin ciki da ƙodar tsofaffi. Farasitamol kansa kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini ga babba mai ƙarfi, raunanan tsofaffi kuwa ƙasa da haka, yadda likita ya ce. Magunguna masu sa maye ko barci, irin su tramadol, a kulle su a ƙirga su a littafi, don gida akwai matasa.

Allurar insulin ba ta son zafi kuma ba ta son ƙanƙara. Inda babu firji, a ƙulle ta a leda a sa a ƙaramar tukunyar ƙasa da ke zaune cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. A rubuta ranar da aka buɗe kwalba, a daina amfani da ita bayan sati huɗu. Mai suga in ya kama gumi da rawar jiki da sambatu, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, a jiƙa sukari ƙaramin cokali uku a ba shi in yana iya haɗiya, sannan abinci. In ya suma, ba a sa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Maganin gargajiya ba a yaƙi da iyali a kansa, don in an yi faɗa za su koma bayarwa a ɓoye. A nemi a gani, a rubuta, a gaya wa likita. Addu'a da tofi ba su hana shan ƙwaya ba.

Kowane lokaci da haɗarinsa

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A fitar da mara lafiya inuwa ko zaure mai iska, a riƙa goge jiki da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙara ruwan sha. Da hunturu, kaskon garwashi a rufaffen ɗaki na fitar da iskar da ba ta wari amma tana kisa a cikin barci. A ɗumama ɗakin a fitar da kaskon kafin a rufe ƙofa. Janareta ma nesa da taga. Mai suga da mai shanyewar jiki ba sa jin ƙuna, don haka ruwan wanka mai jinya ke gwada shi da gwiwar hannunsa. Da damina gidan sauro dole ne, zazzaɓi kuma a gwada jini kafin a ba da magani. Abinci a rufe saboda ɓera, mai yaɗa zazzaɓin Lassa.

Ranar da gida ya gaza

Waɗannan alamomi ba a jira gari ya waye a kansu:

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya.
Ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama.
Suma, jijjiga, ko ruɗewar da ba a saba gani ba.
Jini ya kai 180/120, musamman da ciwon kai ko dishi-dishin gani.
Zazzaɓi na digiri 38 ko fiye ga wanda ke kwance.
Aman jini, ko baƙin bayan gida.
Wuni guda babu fitsari.
Gyambo mai wari ko ruwa, ko yatsan mai suga ya yi baƙi.

Shirin tafiya tun ranar farko ake yin sa. A manna takarda a bango mai lambar mai lasisi, da ta wakilin iyali, da ta direbobi biyu da suka yarda a tashe su da dare. A ware kuɗin mota da ba a taɓawa. Kati da littafin jinya da ledar magunguna su zauna wuri ɗaya. A san matakan: asibitin mazaɓa don ƙananan abubuwa, babban asibiti a Karaye ko Rogo ko Gwarzo, wanda ya fi kusa, sannan Kano, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, in an tura. Da damina a san hanyar da ruwa ke yankewa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Iyali kuma su tambaya a asibitin mazaɓa ko tsohonsu zai shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha da hukumar KSCHMA ke gudanarwa.

Mutunci da amana

Mai jinya na ganin abin da ko 'ya'yan cikin mutum ba su gani ba. Sallama kafin shiga, neman izini kafin taɓawa, sakin labule, buɗe gaɓar da ake wankewa kawai a rufe sauran. Mace ga mace, namiji ga namiji, sai in larura ta tilasta kuma an yarda. A kira shi da abin da gari ke kiransa, Baba ko Malam ko Alhaji, Inna ko Hajiya, kuma ba a maganarsa a kansa kamar ba ya nan. In ya ɓata shimfiɗa, a gyara ba tsaki: “Ba komai Inna, yanzu za mu canza.” A taimaka masa da alwala ko taimama, a fuskantar da shi gabas, ga yawancin tsofaffinmu wannan ya fi musu abinci.

Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba kuma iskanci ba. Ba a ɗaure mai shi, ba a kulle shi shi kaɗai, ba a yi masa gardama. A kawar da wuƙa da ashana da magani, a rufe rijiya, a sanar da maƙwabta don in ya fita a dawo da shi.

Abin da aka gani a gida a nan yake tsayawa: ba a bakin rijiya, ba a majalisa, ba a WhatsApp. Hoton rauni mai lasisi kaɗai ake tura wa, da izini, ba tare da fuska ba. Mai jinya ba ya riƙe katin banki, ba ya cin bashin mara lafiya, ba ya shiga zancen gado ko wasiyya. In an aike shi, ya rubuta abin da aka ba shi da canjin da ya dawo da shi. In kuma ya ga alamar ana dukan tsoho, ko ana hana shi abinci, ko ana cinye kuɗinsa, ya gaya wa shugabansa, shi kuma ya sami babban gida. In abin ya ƙi, mai unguwa da dagaci.

Wa ke duba mai dubawa?

A Ingila, hukumar da ke sa ido kan masu jinya a gidaje tun 2009 tana auna kowane kamfani da tambaya biyar: akwai aminci, aikin na amfani, akwai tausayi, ana biyan bukatar mutum yadda take, shugabanci na da kyau? Tawagar mutum uku a Tudun Kaya na iya yi wa kanta waɗannan tambayoyi duk ƙarshen wata, da littattafan jinya a gabanta: mutum nawa suka faɗi, nawa suka yi gyambo, sau nawa aka tsallake magani, wa aka kai asibiti a makare.

Sabon ma'aikaci ya kawo mutum biyu sanannu da za su tsaya masa; mai cewa yana da lasisi ya nuna na bana, ba hoton tsohuwar takarda ba. Ya bi gwani na sati biyu kafin a bar shi shi kaɗai. Shugaba ya riƙa faɗowa gida ba sanarwa, ya ɗaga zani ya duba diddige da ƙugu da idonsa, ya keɓe da mara lafiya ya tambaye shi, ya bar wa iyali lambar da za su kai kuka kai tsaye. Wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa a gyara masa, kada a ci shi tara. In aka hukunta mai faɗin gaskiya, gobe ba wanda zai faɗa. Kwamitin lafiya na mazaɓa ma a riƙa ba shi bayani, don ido na waje na ganin abin da na ciki ya saba da shi.

Mai jinya shi ma mutum ne. Wanda ya kwana bai runtsa ba shi ke musanya ƙwaya, wanda aka riƙe wa albashi shi ke kallon kuɗin cefane. Hutun kwana ɗaya a mako, biya a kan lokaci, da safar hannu da sabulun da ba sa yankewa suna cikin ƙa'idojin tsaron mara lafiya.

Kayan farawa ba su da yawa: na'urar auna jini, ta suga, ma'aunin zafi, safar hannu, sabulu, bilic, bandeji, fitila, littafi da biro. Abin da ya fi su wuyar samu shi ne iya cewa a'a. In gida na bukatar juyin dare kuma ba ka da mutum biyu, in ciwon ya wuce ilimin tawagarka, in iyali sun ce sai dai a yi ƙarin ruwa a ɗaki ba za su je asibiti ba, ka faɗa musu gaskiya, ka nuna musu inda ya dace, ka bar kuɗin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.